Koyon Tuƙin Babbar Mota da Kuɗin Mai Aiki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

An shirya wannan takarda domin Hakimai da Dagatai, da malaman da ke riƙe da alƙalami a ofisoshinsu, musamman na ƙasar Bodinga da ta Shagari. Dalili kuwa shi ne, samari su kan zo ƙofar Hakimi ɗauke da takarda, su ce wani kamfani ko wani mai motoci ya yarda zai koya musu tuƙin babbar mota ba tare da sun biya ko kwabo ba, abin da ya rage kawai a buga hatimi, a kuma samo mutum mai mutunci ya tsaya musu. Wannan hanya ce ta samun sana'a mai kyau, ba a kuwa so a tsoratar da kowa daga gare ta. Amma lalle a gane tun da fari cewa kuɗin da mai aiki ya kashe wajen koyarwa bashi ne, da aiki a ke biyansa, kuma in yaro ya kasa biya, a kan bi wanda ya tsaya masa.

Dalilin da ya sa maganar ta shafi wannan ƙasa

Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa birnin Sakkwato ba. Hanyar da ta taso daga Zariya ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta ƙare a Ƙaura Namoda cikin 1929, daga nan ba ta ƙara gaba ba. Saboda haka tun zamanin gyaɗa da auduga da fatun jar akuya, duk abin da zai fita daga ƙasar Sakkwato ko ya shigo, in ba a kan jaki ko raƙumi ba, to, a kan mota ne. Babbar hanyar da ta nufi kudu daga birni ta ratsa Bodinga da Shagari, ta wuce Tambuwal da Jega da Yawuri da Kwantagora, har ta dangana da Ikko. Ta nan a ke kai shanu da albasa kurmi, ta nan tankokin mai ke hawowa, ta nan kuma simintin Kalambaina ke sauka. An kafa kamfanin simintin nan cikin 1962, ya fara aiki cikin 1967, yanzu kuwa yana hannun kamfanin BUA.

Yaron da ya tashi a bakin wannan hanya, yana ganin tireloli dare da rana, ba abin mamaki ba ne in ransa ya biya. Masu motoci su ma suna bukatarsa, domin tirela dukiya ce mai yawa, direban kirki kuwa ba shi samuwa a kasuwa kamar goro.

Yadda a ke koyo a dā

Koyon tuƙi da kuɗin mai aiki ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Uba ya kan kama hannun ɗansa ya kai shi wurin direban da ya amince da shi, yaro ya zama yaron mota, wanda a ke yi wa laƙabi da karen mota. Shi ke wanke mota, shi ke sa waigi in an tsaya a gangare, shi ke kwance taya, ya ɗaure tamfol, ya kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Maigidansa ke ci da shi, ya kan kuma ba shi ɗan na kashewa. Bayan shekaru sai a fara ba shi sitiyari ya gyara tsayuwa cikin tasha, sa'an nan a bar masa tuƙi inda hanya ta miƙe. Ranar da maigida ya ga ya isa, sai ya nema masa lasin, ya yaye shi.

A wannan tsari yaro ya riga ya biya kuɗin koyonsa da guminsa tun kafin a yaye shi, saboda haka ba a binsa kome sai girmamawa. Aibinsa biyu ne. Ba shi da ajali, sai a ga yaro ya shekara bakwai yana wankin mota domin maigida ba ya so ya rasa mai hidima. Kuma abin da maigida ya iya shi yaro zai iya, har da miyagun halayensa na hanya. Har yanzu da yawa daga cikin direbobin da ke bin hanyar Jega ta haka suka fito, waɗansunsu kuwa gwanaye ne ƙwarai.

Sabon tsari ya juya al'amarin. Ana koyarwa da fari cikin watanni kaɗan, biya ya biyo baya. Nan ne takarda ta shigo.

Abin da doka ke nema ga direban babbar mota

An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda a ke kira FRSC, cikin 1988. Bisa ga tsarinta, mai neman sabon lasin sai ya bi ta makarantar koyon tuƙi wadda hukumar ta amince da ita, sa'an nan ma'aikatan duba motoci na jiha su jarraba shi. Lasin kuwa aji aji ne. Wanda a ke tuƙa ƙaramar mota da shi bai isa a hau tirela ba, ita tirela ajinta G ne. Ana ba da lasin na ƙaramar mota daga shekara 18, amma na haya sai mutum ya kai 26, da shaidar likita a kan lafiyarsa da ganinsa. Daga watan Yuni na 2025 kuɗin lasin ya koma naira 15,000 na shekara uku, ko 21,000 na shekara biyar, ban da kuɗin makaranta da na likita.

Wannan magana ta shekaru ita ce ta farko da malami zai duba. In aka zo da yaro ɗan shekara 19 aka ce za a ba shi tirela bayan wata shida, to, akwai abin da ba daidai ba cikin zancen. Ko dai aikin yaron mota zai yi na shekaru kafin ya cancanta, wanda ya kamata a faɗa masa a fili, ko kuwa ana nufin a ƙara masa shekaru a takarda. Kada ofishin Hakimi ya sa hannu cikin wannan. Tun daga ƙarshen 2020 ana haɗa lasin da lambar shaidar ɗan ƙasa, ranar da haɗari ya auku kuma, takardar ƙarya ita za a fara zarowa.

Tun 2007 akwai ƙa'ida cewa duk mai motocin sufuri biyar ko fiye sai ya yi rajista da hukumar, ya ajiye ma'aikacin da ke lura da kiyaye haɗari, ya kuma riƙa horad da direbobinsa.  Daga 1 ga Fabrairu 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Iyakar gudun tirela da tanka kilomita 45 ne cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Waɗannan duka suna cikin abin da a ke koya wa ɗalibi a makarantar kirki. Cibiyar Koyon Fasahar Sufuri ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1986, tana horad da direbobi, kamfanin simintin Dangote kuma ya buɗe makarantarsa ta koyon tuƙin tirela a Obajana, jihar Kogi, da haɗin kan hukumar kiyaye haɗurra.

Wa ke biyan me

Koyon tirela ya fi na ƙaramar mota tsada nesa ba kusa ba. Motar da a ke koyo da ita ba ta ɗaukar lodi ran nan, tana shan man gas, tayoyi na cinyewa, sabon hannu kuma ba ya tausayin kulochi da giya. Ga albashin mai koyarwa, ga wurin kwana, ga lasin. Mai aiki yana da gaskiya in ya ce ba zai kashe wannan duka ba sa'an nan yaro ya karɓi lasin yau, gobe ya koma wurin abokin takararsa.

Amma ba dukan abin da a ke lissafawa ne ya halatta a ɗora wa ɗalibi ba. Dokar Ƙwadago ta tarayya ta ce gwajin likita na wanda za a ɗauka aiki, mai aiki ke biyansa. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da ya ke biya cikin asusun diyya, ta hana a cire wannan daga albashin ma'aikaci, ta kuwa lissafa mai koyon sana'a cikin ma'aikata. Watau in ɗalibi ya ji rauni yana kan koyo, yana da hakki. Akwai kuma Asusun Horad da Ma'aikata, wanda aka kafa cikin 1971. Tun gyaran da aka yi wa dokarsa cikin 2023, mai ma'aikata 25 ko fiye shi ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin shekara, kuma in ya horad da mutanensa bisa ƙa'ida yana iya neman a maido masa har rabin abin da ya zuba. Ashe babban kamfani ba kullum ne ya ke ɗauke da nauyin shi kaɗai ba.

Shi ɗalibi da gidansu su ma suna biyan abin da ba ya cikin takarda. Akwai kuɗin mota zuwa inda makaranta ta ke, akwai guzuri, akwai kuma babban abu, watau hannu guda da za a rasa a gona. Magidancin da ya saki ɗansa a farkon damina, ko lokacin dashen albasa a fadama, sai ya ɗauki ɗan ƙodago a madadinsa. Ya kamata a tambaya ko ana ba da alawus lokacin koyo, nawa ne, kuma kyauta ne ko za a cire daga baya. Mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa ya zama naira 70,000 a wata tun Yuli 2024, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi wanda a ke biya da kamasho ko da yawan lodi ba. Yawancin masu mota biyu ko uku suna cikin waɗanda aka keɓe.

Sharaɗin zama

Zuciyar takardar ita ce inda aka ce ɗalibi zai yi wa mai aiki aiki na lokaci kaza bayan ya gama, in ya tafi kafin lokacin ya biya kuɗi kaza. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta duba irin wannan sharaɗi cikin 2015, a shari'ar kamfanin jiragen sama na Overland da wani matuƙinsa, ta ce yana aiki muddin tsawon lokacin da yawan kuɗin ba su wuce hankali ba. Ko da ya ke matuƙin jirgin sama ne, hukuncin ya nuna inda kotu ta dosa. Kada kowa ya gaya wa yaro wai takarda ce kawai.

Ba a iya tilasta wa mutum ya ci gaba da aiki, gama sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 ya hana aikin tilas. Abin da a ke iya nema a wurinsa kuɗi ne. To, nawa? Nan ne sharaɗi mai adalci ya ke rabuwa da tarko. A ɗauki misali, ba don haka farashin ya ke ba, sai don lissafi ya fito. A ce an kashe naira 600,000, an kuma yanka shekara biyu. In takarda ta ce bashin yana raguwa wata wata, kowane wata ya goge 25,000. Direban da ya yi wata 15 sa'an nan rashin lafiyar mahaifinsa ya maido shi gida, saura wata tara, ana binsa 225,000. In kuwa takarda ta ce a biya duka ko yaushe aka tafi, to, wanda ya yi wata 23 daidai ya ke da wanda ya gudu ran farko. In ta ce a biya ninki biyu, wannan ya fita daga maida kuɗin koyo, ya zama tara, kuma ƙari a kan bashi abu ne da malaman Shari'a ba su yarda da shi ba.

Sai a duba kuma wanda ya jawo rabuwar. Takardu da dama suna cewa a biya in aiki ya ƙare ta kowace hanya. Wannan kalma ta haɗiye wanda aka sallama don lodi ya yi ƙaranci, da wanda ido ya sami matsala, da wanda ya bari domin an hana shi albashi wata uku. Ya kamata a nemi a rubuta cewa biya yana hawa ne kaɗai in shi direban ya tafi don kansa, ko aka kore shi bisa laifin da aka tabbatar. Haka nan a rubuta ranar da lissafi zai fara, domin in an ce daga ranar da aka ba shi mota, yana yiwuwa ya yi wata biyar a gareji yana jira, ba a lissafa masa ko ɗaya ba.

Dokar Ƙwadago ta kafa waɗansu iyakoki da ya kamata kowane malami ya haddace. Cikin wata uku da fara aiki, lalle a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Abin da za a cire daga albashinsa cikin wata guda kada ya wuce sulusi. Ba a yanke masa kuɗin ɓarna ko asara sai in da gangan ne ko da sakaci, kuma da yardar jami'in ƙwadago. Wannan ya shafi direbobi ƙwarai, gama rigimarsu da masu motoci ta fi yawa a kan man da ya ragu, da tayar da ta fashe, da buhunan da ba su cika ba. Ba a miƙa ma'aikaci ga wani mai aiki sai da yardarsa. Yarjejeniyar koyon sana'a kuwa ba ta wuce shekara biyar, sai a rubuce, da shaidar jami'in ƙwadago.

Ba a Nijeriya kaɗai a ke wannan ja-in-ja ba. A Amurka manyan kamfanonin sufuri su kan koyar da tuƙi bisa sharaɗin zama na wata takwas zuwa shekara guda. Direbobi sun kai ɗaya daga cikinsu, CRST, ƙara a kan cire-ciren da a ke yi musu, aka sasanta a kan dala miliyan 12 da rabi. Jihar Kalifoniya ma ta kafa doka cikin 2025 wadda ta hana yawancin irin waɗannan sharuɗɗa.

Mai tsayawa

Wannan shi ne wurin da ya fi shafar Hakimi. Takarda iri biyu ce a ke kawowa, mutane kuwa su kan ɗauke su abu guda. Ta farko shaida ce cewa wane ɗan wane ne, mutumin gari kaza, ba a san shi da mugun hali ba. Wannan aikin sarauta ne tun fil azal, ba ta ɗora wa kowa bashi. Ta biyu lamuni ce. Wanda ya sa hannu a kanta ya ɗauki alkawarin biya in yaro bai biya ba, sau da yawa kuma ba kuɗin koyo kaɗai ta ƙunsa ba, har da duk asarar da direba ya jawo muddin yana aiki. Lodin siminti guda, ko tankar mai guda, ya isa ya cinye gona da gida da garke. Dattijo ya dangwala yatsa don kunyar ɗan'uwa, bayan shekara uku sammaci ya same shi a zaure.

Doka ta ce yarjejeniyar aiki ba ta hawa kan iyalin ma'aikaci sai in an faɗi haka a fili cikinta. Saboda haka uban da bai sa hannu ba, ba a binsa. Wanda zai tsaya kuwa, ya nemi a rubuta iyakar kuɗin da ya lamunta, da ranar da lamunin zai ƙare, da hanyar da zai janye in ya ga halin yaro ya sake. Kada ya ba da takardar gona ko ta gida jingina a kan lamunin da ba shi da iyaka. Hakimi da Dagaci kuma ya fi musu kyau su tsaya a kan shaida. Wanda zai sasanta mutane in rigima ta taso bai kamata ya zama ɗaya daga cikin waɗanda a ke bi ba.

Nauyin da ke kan malami

Akwai tsohuwar doka ta kare wanda bai iya karatu ba, wadda jihohin Arewa suka gada tun zamanin Turawa. Ta ce wanda ya rubuta takarda a madadin irin wannan mutum, sai ya sa sunansa da adireshinsa, wannan kuwa shaida ce cewa ya karanta masa, ya bayyana masa, kafin ya dangwala. To, amma kada a dogara da ita ƙwarai. Cikin 1962 kotun ƙoli ta tarayya ta yi hukunci tsakanin kamfanin PZ da wani mutumin Arewa wanda ya tsaya wa wani a kan takardar Turanci. Mutumin bai iya Turanci ba, amma ya iya karatu da rubutu da Larabci, sai kotu ta ce dokar ba ta rufe shi ba. Daga baya kotuna sun karkata ga duban harshen da aka rubuta takardar da shi. Duk da haka, a ƙasa irin ta Bodinga da Sifawa, inda karatun allo da na littattafai ya daɗe da kafuwa, dattawa da yawa suna cikin halin mutumin nan, kuma zuwa kotu don a warware wannan tsada gare shi.

Saboda haka malami ya karanta takarda tun daga kai har ƙasa, ya fassara ta da Hausa, ko da Fulatanci in shi mutumin ya fi ji, a gaban yaro da waliyyinsa da mai tsayawa. Kada a yarda da takardar da aka bar gurbin kuɗi ko na shekaru babu kome wai za a cika daga baya. A tabbata sunan da ke kan takarda shi ne na mai aikin na ainihi, domin kamfanoni da yawa ta hannun ɗan kwangila su ke ɗaukar direbobi, shi ne kuwa za a bi in albashi ya maƙale. In ana so a riƙe lasin na yaro ko takardun makarantarsa har ya gama biya, a nemi a karɓi kwafi a bar masa na ainihi, gama direba ba ya hawa hanya sai da lasin a jikinsa. Wanda kuma ya zo yana karɓar kuɗin fom da sunan wani babban kamfani, a bincika a ofishin kamfanin kafin kowa ya sayar da akuya.

Yana da kyau kowane ofishi ya ajiye littafi guda domin wannan: sunan yaro da garinsu, sunan mai aiki, yawan kuɗi, tsawon lokaci, sunan mai tsayawa, da ranar da sharaɗi zai cika. A ajiye kwafin takardar tare.

In saɓani ya taso, a fara da sulhu, a gayyato shugabannin tasha na ƙungiyar direbobi ta NURTW, da na masu motoci ta NARTO in mai motar ɗanta ne, gama sun san al'adar sana'ar. Direban da ya ƙudura barin aiki a ba shi shawara ya ba da sanarwa a rubuce, mako guda in ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu in ya kai biyu bai kai biyar ba, sai fa in takardarsa ta yanka fiye da haka. Ya kuma mai da mota da makulli da takardun lodi hannu da hannu a gaban shaidu, kada ya bar ta a bakin hanya, domin nan ne maganar bashi ta kan rikiɗe ta zama ta 'yan sanda. In sulhu ya ƙi, akwai ofishin ƙwadago na tarayya a birnin Sakkwato. Shari'ar aiki kuwa, tun gyaran tsarin mulki na 2010, ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, tana kuma da reshe a Sakkwato.